Ɗigon Ruwan Da Ke Cin Ƙarfe: Abin Da Jiƙaƙƙen Tururi Ke Koya Wa Ƙasar Bakolori

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata masu gumin shinkafa a Jangebe ko Bakura bayan girbi ya san abin da ke faruwa idan aka ɗaga murfin tukunya. Wani farin hazo yakan turnuƙe sama, ɗigon ruwa kuma ya gangaro daga cikin murfin ya koma inda ya fito. Farin nan shi jama'a ke kira tururi. A wurin injiniya kuwa, tururi na ainihi ido ba ya ganinsa. Wanda ya ƙura wa bakin buta ido tana tafasa zai lura da ɗan fili fayau tsakanin bakin da inda farin ya soma. A cikin wannan fili tururin yake. Farin da ke sama ruwa ne, ƙananan ɗigo da suka sake haɗuwa saboda sanyin iska.

Ga mai gumi wannan bambanci bai dame ta ba, don danshin ma shi take nema. Amma a cikin injin da ke samar da lantarki, bambancin busasshen tururi da jiƙaƙƙe shi ne bambancin riba da asara, wani lokaci ma bambancin injin da zai shekara talatin da wanda zai mutu tun ba a gama biyan bashinsa ba. Maganar ta shafi Zamfara kai tsaye, domin tun daga 2023 doka ta bai wa jihohi ikon kafa kasuwar lantarkinsu, kuma yankin Talatar Mafara, Bakura da Maradun yana da makamashin da 'yan kwangila za su yi sha'awa: ɓuntun shinkafa. Kafin a sa hannu a kan kowace takarda, ya kamata masu yanke shawara su san inda ƙarfin inji ke zurarewa ba tare da ya yi ƙara ba.

Yadda tururi ke juya ƙarfe

Tsarin mai sauƙi ne a baki. Ana hura wuta ƙarƙashin wata babbar tukunyar ƙarfe, ruwa ya tafasa cikin matsi mai tsanani, tururin ya bi bututu ya faɗa cikin injin farfela, wanda injiniyoyi ke kira tabain. A ciki akwai jerin fukafukai, layi na tsaye yana karkata tururin, layi na gaba yana juyawa. Juyawar ce ke tuƙa janareto. Wani injiniya ɗan Birtaniya, Charles Parsons, ya ƙera irin wannan inji a 1884, kuma har yau kaso mai yawa na lantarkin duniya ta hannun jikokin injinsa yake fitowa, ko da gawayin ƙasa aka hura wutar, ko da gas, ko da nukiliya.

Sirrin yana cikin kumburar ruwa. Lita ɗaya ta ruwa, idan ta zama tururi a matsin iskar da ake shaƙa, takan cika wurin da ya kai lita 1,700. A ƙarshen injin, inda ake janyo matsi ƙasa ƙwarai ta hanyar sanyaya tururin, kumburar takan ninka haka sau da yawa. Shi ya sa fukafukan farko gajeru ne kamar yatsu, na ƙarshe kuwa a manyan tashoshi sukan kai mita guda.

Sai dai duk ƙarfin da tururi ya miƙa wa fukafuki daga jikinsa yake cira. Yana tafiya yana hucewa, har ya iso iyakar da ba zai iya ci gaba da zama tururi zalla ba. Daga nan sai hazo ya soma haɗuwa a cikin injin da kansa, irin dai farin nan na bakin tukunya, amma yana gudu fiye da jirgin sama.

Ƙofofi uku na asara

Ta ƙofa uku ƙarfi ke fita. Ta farko ita ce mafi wuyar gani. Tururin yana gudu da saurin da ba ya samun sukunin zama ruwa a daidai lokacin da ya kamata. Sai ya wuce iyakarsa yana busasshe, ya yi sanyi fiye da kima, sannan kwatsam ɗigo marasa adadi su haihu lokaci guda. Injiniyoyi na kiran wannan wuri layin Wilson, da sunan C. T. R. Wilson, masanin da ya yi nazarin yadda hazo ke haɗuwa. Kowane ɗigo da ya haɗu yana sakin zafin da ya ɓoye. Zafin ba kaɗan ba ne: mayar da kilo ɗaya na tafasasshen ruwa tururi yana cin makamashi fiye da ninki biyar na abin da ake bukata a ɗaga shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Da yake zafin yana kwarara ne daga ɗigo mai ɗumi zuwa tururin da ya fi shi sanyi, wani ɓangare na damar yin aiki yana salwanta, ba kuma ya dawowa.

Ƙofa ta biyu ita ce ta ɗaukar kaya. Ɗigon farko ƙanana ne ƙwarai, ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, suna bin tururi duk inda ya nufa. Amma wasunsu kan manne a fukafukan tsaye, su taru su zama siririn lulluɓin ruwa, ya gangara zuwa gefe, tururi ya fizge shi ya yayyaga shi zuwa manyan ɗigo. Waɗannan suna da nauyi, suna da nawa. Dole tururin ya ɓata ƙarfinsa wajen jan su, kamar mai gudu da aka goya wa yaro.

Ƙofa ta uku ita ce birki. Tun da manyan ɗigon ba su kai tururi sauri ba, ba sa shiga tsakanin fukafukai ta kusurwar da aka tsara. Fukafukin mai juyawa ne ke riskar su, ya buge su da bayansa. Kowane bugu yana tura farfelar baya. A Najeriya da Nijar babban janareto yana juyawa sau 3,000 a minti, kuma ƙarshen doguwar fukafuki kan zarce mita 500 a sakan guda. A irin wannan gudu ɗigon ruwa tsakuwa ne. Bayan shekaru, gefen ƙarfen da aka goge sumul yakan koma kamar haƙoran zarto. Ɗan hakin da aka raina ke nan.

Wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna Karl Baumann, wanda ya yi aiki a Mancesta ta Ingila a farkon ƙarni na 20, ya taƙaita duk wannan cikin ƙa'ida guda da har yanzu ake koyarwa: duk kashi ɗaya cikin ɗari na danshi yana cinye kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ingancin sashen da ke aiki a jiƙe. A ɗauki misali don fahimta. A ce sashen da ke aiki cikin jiƙaƙƙen tururi yana ba da megawat 60, matsakaicin danshinsa kuma kashi 5 ne. Asarar za ta kai megawat 3. Wannan adadi shi ne ƙarfin tashar lantarkin da aka gina a jikin madatsar Bakolori gaba ɗayanta. Ke nan hazo kawai, a sashe ɗaya na inji ɗaya, yana iya haɗiye Bakolori guda, ba tare da an ji ko tari ba.

Maganin da aka sani

Ba a bar abin haka ba. Maganin farko shi ne a ƙara gasa tururin bayan ya tafasa, ya yi zafi nesa da iyakar jiƙewa kafin ya shiga inji. Na biyu, a fitar da shi a tsakiyar tafiya, a mayar da shi wuta ya sake zafi, sannan ya ƙarasa. Tashar Egbin da ke kusa da Ikorodu a Legas, mai injuna shida na megawat 220 kowanne, jimilla 1,320, da irin wannan tsari take aiki tun shekarun 1980. Na uku, a yanka ƙananan magudanai a jikin injin don kwashe ruwan da ya taru, a kuma lulluɓe gefen fukafukan ƙarshe da ƙarfe mai taurin gaske. Da duk wannan, masu ƙira sukan tsayar da iyaka: danshin da ke fita a ƙarshe kada ya wuce kashi 10 zuwa 12.

Abin lura shi ne kowane ɗaya daga cikin magungunan nan kuɗi ne, kuma kowanne yana bukatar mai kula. Idan wuta ta yi rauni, zafin tururi ya sauka, iyakar jiƙewa sai ta matso gaba, fukafukan da ba a shirya su don ruwa ba su soma shan duka. Idan ruwan tukunya bai tsarkaka ba, yakan yi kumfa ya yi tsalle ya bi tururi, ya kai gishiri da ƙura kan fukafukai. Injin ba zai fashe a ranar ba. Zai ci gaba da juyawa, fitilu na ci, sai dai makamashin da yake ci yana ƙaruwa, abin da yake bayarwa yana raguwa. Wanda ba ya awo ba zai sani ba sai ranar da aka buɗe murfi.

Ana kuma iya yi a wannan yanki na duniya. A Anu Araren, kusa da Cirozerin a arewacin Agadas, kamfanin SONICHAR na Nijar yana ƙona gawayin ƙasa yana juya injunan tururi biyu, kowanne ƙasa kaɗan da megawat 19, tun farkon shekarun 1980, yana bai wa ma'adinan yuraniyam na Arlit da birnin Agadas wuta. A bakin Sahara ke nan, inda ruwa ya fi na Zamfara tsada nesa ba kusa ba.

Darasin da ke jikin dam

Bakolori ba ta aiki da tururi, amma tarihinta tarihin irin wannan asara ce. An kammala madatsar a 1978 a kan kogin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta, tsawonta kusan kilomita biyar da rabi, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450. An tsara ta shayar da hekta 23,000, kusan 15,000 daga ciki ta hanyar feshi da famfuna, sauran ta magudanan da ruwa ke bi da kansa. Farashin da talakawa suka biya bai tsaya ga kuɗi ba. Manoman da aka tasa daga gonakinsu sun yi bore kan diyya, kuma a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka da har yau tsofaffin yankin ba su manta ba. A ƙasan dam kuma, fadamun da ambaliya ke shayarwa kowace damina sun ragu.

Me aka samu bayan wannan sadaukarwa? Sashen feshi ya dogara ga famfuna, famfuna sun dogara ga lantarki, lantarki ya dogara ga ƙaramar tashar ruwa da injunan dizal. Sarƙa ce, kuma kowane zobe nata yana bukatar kayan gyara da ma'aikaci da kasafi. Zuwa farkon shekarun 2000 tsarin feshin ya daina aiki, ƙasar da ake nomawa ta koma kusan hekta 7,500, wato kashi ɗaya cikin uku na abin da aka tsara. Sashen da ya rayu shi ne wanda ruwa ke gangarawa da kansa. Babu ranar da za a nuna a ce ran nan Bakolori ta lalace. Ta tsiyaye ne a hankali, famfo bayan famfo, har sai da aka ci bashin Bankin Duniya a 2014, ƙarƙashin shirin TRIMING na kusan dala miliyan 495, don farfaɗo da ita tare da wasu manyan ayyukan ban-ruwa na Arewa.

Injin ruwa ma yana da irin nasa ciwon, wanda kishiyar na tururi ne. A injin tururi ɗigon ruwa ne ke haihuwa cikin tururi. A injin ruwa da famfo kuwa, ƙwayoyin tururi ne ke haihuwa cikin ruwa: inda matsi ya faɗi ƙwarai a bayan fukafuki, ruwa kan tafasa ko da sanyi ne, kumfar ta matsa gaba ta fashe da ƙarfi, ta ƙwaƙule ƙarfe kamar gara. Parsons ɗin nan dai ya yi fama da wannan a farfelar jirgin ruwansa Turbinia a shekarun 1890. Duk manomin rani da ya ji famfonsa na ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a ciki, bayan ya ɗora shi nesa da bakin ruwa ko rariyar tiyo ta toshe, wannan ciwon yake ji.

Idan maganar ɓuntu ta zo

Ɓuntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera. Tan ɗaya na shinkafar da ba a casa ba yana barin kusan kilo 200, kuma zafin da ke cikin wannan ya kusa kilowat-awa 780. Ƙaramar tashar tururi da ke mayar da kashi 15 cikin ɗari zuwa lantarki za ta fitar da kusan 115 daga ciki. Idan aka yi arha wajen saye, ko aka yi sakaci wajen kula, ingancin ya sauka zuwa kashi 10, abin da za a samu bai kai 80 ba. Ɓuntun ɗaya ne, bashin ɗaya ne, amma kashi ɗaya cikin uku na wutar ya tafi.

Ƙananan tashoshi sun fi manya shiga wannan haɗari. Tukunya mai arha ba ta gasa tururi sosai, wata ma tana bayar da shi a daidai bakin jiƙewa, ta yadda daga fukafukin farko ake fara asara. Ɓuntu kuma makamashi ne mai wuyar sha'ani: kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ce, tokar kuma galibinta silika ce, ainihin abin da yashi ya ƙunsa, tana goge bututun da ke gasa tururi. Idan ɓuntun ya sha ruwan damina, wuta ta yi sanyi, tururi ya jiƙe. Ga kuma zafin bazara da kan haura digiri 40, wanda ke hana sanyaya tururi yadda ya kamata a ƙarshen inji. Wannan yana rage danshi, gaskiya ne, amma yana rage ƙarfin da ake samu.

Akwai masu cewa da babu gara ba daɗi, a kawo ko wane iri ne, mutanen da ba su da wuta ba sa tambayar kashi nawa. Hujja ce mai nauyi a yankin da masu injin casa ke ƙone ribarsu a dizal. Amma Bakolori ta riga ta ba da amsa: injin da ba a iya kula da shi ba komawa yake babu, sai dai ya bar bashi a baya. Wasu kuma na cewa a manta da tururi kwata-kwata, a rungumi hasken rana, wanda ba shi da fukafukin da zai lalace. A fannin ɗaga ruwa zuwa gona da haskaka gidaje da asibitoci, suna da gaskiya, kuma nan ya kamata kuɗin farko ya tafi.

Sai dai akwai wuri ɗaya da tururi ya fi dacewa, kuma mai gumi ce ke nuna shi. Masana'antar shinkafa tana bukatar tururi ko da ba ta samar da lantarki, don turara shanshera da busar da ita. Akwai nau'in injin farfela da ke sakin tururi tun yana da sauran matsi da zafi, kafin ya jiƙe sosai. Tururin ya juya janareto, ya fito ya wuce wurin gumi, a can ya zama ruwa ya saki ɓoyayyen zafinsa a kan shinkafa, inda ake bukatarsa. Lantarkin da ake samu daga kowane kilo na ɓuntu ya fi ƙanƙanta, amma kusan babu zafin da aka zubar, fukafukai kuma sun tsira. Masana'antun shinkafa a Indiya da Tailan sun daɗe suna haka, masana'antun sukari ma haka suke yi da tukar rake. Danshin da ke cuta a cikin inji magani ne a cikin tukunyar gumi. Hikimar ita ce a sa shi ya sauka a inda ya dace.

Tambayoyi kafin sa hannu

Tun ran gini ran zane. Duk kwamishina ko shugaban ƙungiyar manoma ko ɗan kasuwa da aka kawo wa tayin tashar tururi yana da haƙƙin ya yi tambaya huɗu, ya kuma nemi amsa a rubuce cikin kwangila. Da wane zafi da wane matsi tururi zai shiga inji, kuma nawa ne tazararsa da iyakar jiƙewa? Kashi nawa na danshi zai fita a ƙarshe, a cikakken aiki da kuma a rabin aiki? Kilo nawa na ɓuntu zai ba da kilowat-awa ɗaya, wa zai auna bayan shekara guda, kuma wa zai biya idan aka gaza? Wa zai tace ruwan tukunya kullum, a ina za a horar da shi, daga wane asusu za a biya shi? Ɗan kwangilar da ya yi kame-kame a kan waɗannan ya riga ya ba da amsa.

Tambaya ta huɗu ta fi sauran nauyi, domin injin ba ya auna kansa. A Talatar Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, a Bakura akwai kwalejin aikin gona. Daga irin waɗannan wurare masu riƙe ma'aunin zafi da littafin awo za su fito, su kuma daga makarantun sakandare za su zo. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar 'yan mata ta gwamnati da ke Jangebe, aka sako 279 a ranar 2 ga Maris. Duniya ta ƙirga waɗanda suka dawo. Asarar da ke biyo bayan irin wannan fargaba kuwa, ta zangon karatu da ke wucewa makaranta na kulle da ta iyayen da ke fasa tura 'ya'yansu, a hankali take zurarewa, kamar ta cikin inji. Jihar da ke son mallakar tashar lantarki sai ta tsare ajin da ake koyar da ma'anar kashi ɗaya cikin ɗari, ta kuma sa albashin mai awo a kasafi ɗaya da kuɗin sayen injin.